Yadda Ake Neman Tallafin Kuɗi Don Shayar da Bishiyoyin Gari da Ruwan da Ba Na Sha Ba

A Kano da Katsina da Sakkwato, haka ma a Maraɗi da Damagaram, ruwan sama yakan ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, kuma ba ya dawowa sosai sai wajen Yuni. Dashen da aka yi a watan Agusta, aka ɗauki hotuna aka watse, dole ne ya tsallake wata bakwai zuwa takwas na rani kafin ya sake ganin damina, kuma a zafin Maris da Afrilu ne galibinsa yake bushewa. Saboda haka ƙungiyar unguwa ko kwamitin masallaci ko makarantar da ke son neman tallafi don inuwantar da tituna, ya kamata ta gina takardarta a kan ruwa, domin irin dashe yana da arha kuma gandun gwamnati kan raba shi kyauta a wasu jihohi, amma ruwan da zai raya shi har shekara biyu ko uku shi ne abin da ke cin kuɗi. Ba daidai ba ne kuma a ɗebi ruwan famfo ko na burtsatse a zuba wa bishiya a unguwar da mata ke sayen jarka daga hannun 'yan garuwa. Ruwan da aka riga aka yi amfani da shi, wanda ke malala a kwata yana tara sauro, shi ya dace da wannan aiki.

Matakin farko shi ne gano ruwan, tun kafin a rubuta ko da layi ɗaya. A ganina babu wanda ya kai ruwan alwala: sau biyar yake zuwa a kowace rana, rani da damina, babu maiƙo a cikinsa, kuma sabulun da ke shiga cikinsa kaɗan ne ƙwarai. Sai dai a je a duba magudanar da ido. A masallatai da yawa wurin alwala da wurin kama ruwa suna haɗuwa a kwata guda a bayan katanga, kuma muddin fitsari ko ruwan ban-ɗaki ya shiga, ruwan ya koma wani abu dabam da ke buƙatar tacewa mai tsada. Raba waɗannan magudanai biyu shi ne aikin gini na farko da za a sa a kasafi. Bayan ruwan alwala akwai ruwan da masu kiwon tarwada ke zubarwa idan sun sauya wa kifi ruwa, wanda yake ɗauke da taki, da ruwan wanka na makarantun kwana, da ruwan saman da za a tara daga kwanon rufi. Ruwan wanke-wanke na kicin yana toshe bututu da maiƙo, gara a bar shi. Wanda masana'antun ruwan leda ke zubarwa bayan tacewa yana da kyau a ido, amma gishirin da aka cire daga ruwan sha a cikinsa yake taruwa, don haka kada a amince da shi sai an auna.

Akwai ruwan da ba a kusantarsa ko kyauta ne. Abin da ke fitowa daga masana'antun jima da rini na Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano yana iya ɗauke da sinadarin kuromiyam da wasu ƙarafa masu guba, waɗanda ke zama cikin ƙasa shekara da shekaru, kuma yashi da gawayi ba sa raba ruwa da su. Haka ruwan kwatar asibiti da na mahauta.

Mataki na biyu shi ne awo, kuma a nan ne takarda mai ƙarfi take bambanta da ta neman sa'a. A sa ganga mai cin lita 200 a bakin magudanar, a riƙa rubuta sau nawa take cika a rana har mako biyu, a ware ranar Juma'a dabam domin ruwanta ya fi na sauran ranaku. Daga nan a lissafa buƙatar bishiyoyin. Misali, idan aka ɗauka kowane ƙaramin dashe zai sha jarka guda mai lita 25 sau biyu a mako a tsakiyar rani, to bishiya 200 za su buƙaci lita 10,000 a mako, wato ganga bakwai da ɗan ɗori a kowace rana. Ƙasar jigawa mai rairayi takan fi ta laka saurin shanye ruwa, don haka a gyara lissafin gwargwadon wurin. Idan magudanar ganga uku take bayarwa, a nemi tallafin bishiya 80 a raya su, ya fi a yi alkawarin 1,000 a rasa abin nunawa ranar da masu duba aiki suka zo.

Sai kuma a kai samfurin ruwan ɗakin gwaji na jami'a ko na hukumar ruwa ta jiha, a karɓi sakamako a rubuce, a liƙa shi a bayan takardar neman tallafi. Abin da ake so a sani shi ne yawan gishiri, da tsami ko kaifin ruwan, da ƙwayoyin cutar da ke nuna gurɓata da bayan-gida. Ma'aunin da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar ya nuna cewa ruwan da narkakken gishirinsa bai kai miligiram 450 a lita ba, babu matsala a ban-ruwa da shi. Daga 450 zuwa 2,000 sai da lura. Abin da ya haura 2,000 kuwa yana da haɗari ga tsiro da ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fitar da ƙa'idojin amfani da irin wannan ruwa a shekarar 2006, kuma ambaton cewa aikin zai bi su yana kwantar da hankalin mai tantance takarda.

Tsarin da za a nemi kuɗinsa ba ya buƙatar ƙawa. Ruwan ya fara ratsa raga mai tare ganye da leda, ya faɗa ƙaramin rami mai murfi inda laka za ta kwanta, sannan ya bi ta cikin tsakuwa da gawayi da yashi kafin ya shiga tanki. Kada ya wuce kwana guda a tankin, domin irin wannan ruwa yana saurin ruɓewa da wari. A kai shi gindin bishiya ta bututun da aka binne, ko ta tulun ƙasa da aka binne har wuya kusa da saiwa aka rufe bakinsa, a lulluɓe wurin da busasshen ganye ko ƙaiƙayi. Ba a fesa shi a iska, ba a bar shi ya kwanta a fili inda yara ke wasa, kuma a nisanta ramin da rijiyar sha kamar yadda ake nisanta masai, wato aƙalla mita 30. A shafa wa tankin fenti dabam, a rubuta a jikinsa da boko da ajami cewa ba na sha ba ne, a sa wa famfonsa kwaɗo. Wajen zaɓen iri, darbejiya da maɗaci da tsamiya sun saba da ƙasarmu kuma suna jure fari da zarar saiwarsu ta nutse. Kayan lambun da ake ci ɗanye, irin su latas da tumatir, kada su shiga wannan tsari ko da wani ya kawo shawarar cewa za su kawo kuɗin shiga.

Game da inda za a kai takardar, ƙofar da ta fi dacewa da ƙananan ƙungiyoyi ita ce shirin ƙananan tallafi na Asusun Muhalli na Duniya, wato GEF, shirin da aka kafa a 1992 kuma hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, ta daɗe tana gudanar da shi. Yana aiki a Najeriya da Nijar (a Nijar an fi saninsa da PMF/FEM), yana ba ƙungiyoyin al'umma tallafi, kuma kwamitin cikin ƙasa ne ke zaɓen ayyukan. Akwai shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a yankunan da ke fama da fari, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a Disambar 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja. Shi ba a hannun ƙungiya yake danƙa kuɗi yadda na farko ke yi ba, ta ofisoshinsa na jihohi ake bi, kuma amfanin zuwa can shi ne a shigar da unguwarku cikin aikin da suka riga suka tsara. Hukumar Babbar Ganuwar Bishiyoyi ta Najeriya, wadda doka ta kafa a 2015, tana aiki a jihohi 11 na bakin hamada. Ofishin jakadancin Japan ma yana da tallafin ƙananan ayyukan al'umma, wanda ya fi karkata ga gini da kayan aiki, ba albashi ba. Kowace ƙofa tana da lokacin buɗewa da fom ɗinta, kuma daga shafinta na intanet ko ofishinta ake karɓa. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi domin ya samar muku tallafi, ku kama gabanku.

Kafin lokacin ya zo, a tanadi takardar rajista, wadda a Najeriya hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, CAC, ke bayarwa, da asusun banki da sunan ƙungiya mai sa hannun mutum biyu ko uku, da tsarin mulkin ƙungiyar. A karɓi amincewar liman da kwamitin masallaci a rubuce, da ta mai unguwa, da ta ƙaramar hukuma ko hukumar tsara birni idan za a tona gefen titi. Wannan ta ƙarshe mutane suna raina ta, alhali bishiyar da aka dasa a ƙarƙashin wayar lantarki ko a inda za a faɗaɗa hanya, sara ce makomarta komai ruwan da ta sha.

A cikin takardar kanta, a fara da abin da aka auna: ga masallaci kaza, ga ganga nawa da yake zubarwa a rana, ga sakamakon gwaji, ga titin da babu inuwa da tsawonsa. A kasafin kuɗi a ba da kaso mafi tsoka ga magudana da tanki da bututu da kejin kare dashe daga awaki, da ladan matasan da za su kula da aikin tsawon rani biyu, sannan a ware kuɗin sake gwajin ruwa da sauya yashin matacin. Masu ba da tallafi sukan tambayi abin da al'umma za ta kawo daga nata ɓangaren, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya: aikin gayya na haƙa rami, filin da masallaci ya bayar, yashin da wani ya sauke, duk a ƙiyasta su da naira ko sefa a rubuta. Ma'aunin nasarar da za ku yi alkawari ya zama yawan bishiyoyin da ke raye a ƙarshen Mayu, ba yawan waɗanda aka dasa a Agusta ba. A ba kowace bishiya lamba, a danƙa ta ga gida ko shagon da take gabansa, a buɗe littafin da za a riƙa duba su duk wata.

Tambayar da kusan kowane fom yake ƙarewa da ita ita ce wane ne zai ci gaba da aikin bayan kuɗin ya ƙare. Amsar ta kasance da suna da adadi: kwamitin masallaci zai riƙa ware abu kaza daga tarin Juma'a don gyaran bututu, masu shagunan da ke cin inuwar za su riƙa ba da abu kaza a wata. A kuma bayyana cewa bayan shekara biyu zuwa uku yawancin bishiyoyin za su rage buƙatar shayarwa, a nuna a taswira titi na gaba da za a karkatar da ruwan zuwa gare shi, tare da tsawon bututun da hakan zai ci.