Yadda za ka auna kasalar molekul a ruwan da ke shirin zama gilas

In kana son ka gwada wannan abin, ka fara da gilisarol, ruwan nan mai kauri da ake kira gilisarin, don shi ba ya ba da wahala. Ka'ida ya kamata ya zama kiristal a wajen digiri 18 na Selsiyos, amma in kana sanyaya shi sai ka ga ya wuce wurin abinsa yana nan a ruwa, sai dai ƙara kauri. Ka tabbatar a bushe yake fa, yana jan danshi sosai, kuma ɗan ruwa kaɗan sai ya ɓata maka lissafi.

Ka sa shi tsakanin farantan ƙarfe biyu ka ba shi lantarki mai kai da komowa, kana canza firikwensi, wato yawan kai da komowar a sakan ɗaya. Molekul ɗin, wato ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi ruwan, suna ƙoƙarin juyawa su bi lantarkin, to inda suka fi ɓatar da ƙarfin lantarkin wajen ƙoƙarin bi nan za ka ga tudu ya taso a zanenka na asarar ƙarfin a kan firikwensi, shi ake kira alfa. Ka ɗauki firikwensin kan tudun ka ninka da 2π, ka raba 1 da abin da ka samu, lokacin sakewarsu kenan wato tau.

Sai ka rage zafi ka jira. Ka jira da gaske, nan mutane ke yin garaje. Kowane molekul maƙwabtansa sun yi masa keji, yana ta karkarwa a ciki amma ba zai fita ba sai sun matsa tare, shi ya sa sanyi kaɗan sai tudun ya zame zuwa firikwensi na ƙasa da nisa. Idan tau ya kai kamar sakan 100 an ce ka iso Tg, wato zafin da ruwan ke zama gilas, a gilisarol wajen 190 ne a ma'aunin Kelvin, kuma ba lamba ce kafaffiya ba, in ka sanyaya da sauri za ta ɗan hau.

Daga nan ka zana log (wato logarithm) na tau a kan Tg/T, inda T shi ne zafin da ka auna a Kelvin, irin yadda masanin kimiyya Austen Angell ya yi. Silika, sinadarin yashi, layinta kusan miƙaƙƙe ne, wani sinadari ortho-terphenyl kuwa lanƙwasa yake sosai, gilisarol na tsakiya.

Tudun kuma zai fi faɗin da kake zato, kar ka ce na'ura ce ta lalace, wasu sassan ruwan ne suka fi wasu sauri. In a wani ruwan ka ga ƙaramin tudu na biyu a firikwensi na sama, wataƙila beta ne da masana Johari da Goldstein suka bayyana a 1970, a gilisarol dai ɗan reshe kawai za ka gani a gefen alfa.