Yadda za ka tantance labarin "ƙwayar halittar basira" kafin ka tura wa wani

In aka turo maka labari a WhatsApp wai an gano ƙwayar halittar da ke sa yaro kaifin ƙwaƙwalwa, don Allah dakata tukuna.

Ka fara sanin me ake magana a kai. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo da sinadarai irin su dopamin da serotonin, in saƙon ya isa sai wani furotin ya zuƙe ragowar ya mayar cikin jijiyar da ta sako shi, kamar mai kwashe kwanuka bayan an gama cin abinci. Ƙwayar halittar mai zuƙe dopamin ita ce DAT1, tana kan kuromosom na 5 (kuromosom shi ne ƙunshin da ƙwayoyin halitta ke jere a kansa), wani yanki nata yana maimaituwa, a yawancin mutane sau 9 ko 10. Ta serotonin kuma SLC6A4 ce a kuromosom na 17, akwai gajera akwai doguwa. Furotin ɗin nan suna da muhimmanci sosai, Ritalin da ake ba masu matsalar maida hankali na dopamin ɗin yake toshewa.

Sai ka duba mutum nawa aka gwada, nan gizo ke saƙar. Ga misali: a 2003 wani mai bincike, Avshalom Caspi, da abokan aikinsa sun bi mutum 847 a Dunedin ta ƙasar Niyu Zilan, suka ce masu gajerar ƙwayar halittar serotonin ɗin sun fi faɗawa ciwon damuwa in rayuwa ta matse su, labarin ya karaɗe ko'ina, amma a 2009 Neil Risch da tawagarsa suka haɗa bincike 14 ba su ga haka ba, a 2019 Richard Border ya sake dubawa da dubban ɗaruruwan mutane, nan ma shiru.

Ka tambayi girman tasirin kuma. Wani bincike na 2018 a kan mutum miliyan 1.1 ya gano gurare 1,271 a cikin ƙwayoyin halitta masu alaƙa da shekarun karatu, duk a haɗe kashi 11 zuwa 13 cikin ɗari kawai na bambancin shekarun karatu tsakanin mutane suka bayyana, ina ga ƙwaya ɗaya tilo? Kuma 'yan asalin Turai aka gwada, lissafin yana rauni sosai in aka ɗora shi a kan ɗan Afirka.

Abin da ke ci min rai shi ne a yanke wa yaro hukuncin daƙiƙanci da takardar gwaji. In ɗanka ba ya maida hankali a aji, duba barcinsa, a auna jininsa ko ya yi ƙaranci, a gwada jinsa da ganinsa, sannan ku je wajen likitan yara.