Yadda ake zaɓen madabod mai rahusa ga mai haɗa kwamfutar tebur da kansa

Madabod, wato babban faifan da ake dasa furosesa, RAM da sauran kayan kwamfuta a kansa, ba ya ƙara wa kwamfuta gudu. Furosesa ɗaya a kan madabod mai tsada ko mai araha, muddin tana samun wutar da take buƙata, kusan aiki ɗaya za ta yi. Don haka furosesa ake fara tsayarwa, sannan a nemo mata madabod ɗin da zai ɗauke ta.

Abin dubawa na farko shi ne soket, wato gurbin da furosesa ke zama. A ɓangaren AMD, soket AM4 na ɗaukar Ryzen har zuwa jerin 5000, kuma da RAM na DDR4 yake aiki. AM5, wanda ya fito a 2022, na Ryzen 7000, 8000 da 9000 ne, DDR5 kaɗai yake karɓa. A ɓangaren Intel, LGA1700 na ɗaukar Core zubi na 12, 13 da 14. A nan ake yawan tuntuɓe, domin madabod na LGA1700 iri biyu ne: akwai na DDR4, akwai na DDR5, kuma tsagar da ke ƙasan sandar RAM ɗin ba wuri ɗaya take ba, ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya. Idan kana da DDR4 a hannu, nemi wanda aka rubuta DDR4 ko D4 a sunansa.

Soket ya dace, saura BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke cikin madabod wadda ke tayar da kwamfuta. Madabod B450 da aka ƙera kafin fitowar Ryzen 5000 zai karɓi Ryzen 5 5600 daram, amma ka kunna, fanka ta juya, allo ya tsaya baƙi ƙirin, saboda tsohon BIOS bai san furosesar ba. Haka B660 yake yi da Core zubi na 13, haka ma B650 da Ryzen 9000. Kowane kamfani na wallafa jerin furosesoshin da madabod ke ɗauka tare da lambar BIOS da kowace ke buƙata. Duba shi kafin ka biya. Ka kuma fifita mai ɗan maɓallin sabunta BIOS a baya, wanda ASUS ke kira BIOS FlashBack, Gigabyte kuma Q-Flash Plus. Da shi, filashi da wutar lantarki sun isa a sabunta ko babu furosesa a kai.

Sai cifset, wato guntun da ke tantance abin da madabod zai iya yi, wanda lambarsa ke cikin sunan madabod ɗin. A520 na AMD da H610 na Intel su ne na ƙasa. A520 ya tsaya a PCIe 3.0, wato layin da bayanai ke bi, B550 kuwa yana ba katin girafik da gurbin M.2 na farko, inda ake sa ma'ajiyar bayanai ta SSD, PCIe 4.0 mai ƙarin gudu. H610 ba ya barin a ɗaga gudun RAM sama da abin da furosesa ta zo da shi, ramukan RAM ɗinsa kuma galibi biyu ne kacal. Don aikin ofis da karatu sun wadatar. Wanda zai yi wasanni ko gyaran bidiyo, gara ya ɗan ƙara ya hau B550, B650 ko B760. Cifset masu farawa da X ko Z kuwa ba na mai tattali ba ne.

Inda kamfanoni suka fi rage kuɗi shi ne VRM, ƙananan kayan da ke kewaye da soket suna mayar da bolt 12 na akwatin wuta zuwa ɗan abin da ya zarce bolt 1, wanda furosesa ke sha. Dubi hoton madabod da kyau. In gefen hagu na soket tsirara yake, babu ƙarfen da ke kwashe zafi, to kada ka ɗora masa abin da ya wuce furosesa mai wat 65 kamar Ryzen 5 5600 ko Core i5-12400. Ka sa masa Core i7-13700K, wadda kan ja har wat 253, zai kunna lafiya lau. Sai aiki ya yi nauyi VRM ya ɗau zafi, ya tilasta wa furosesar sassauta gudu. Ka biya kuɗin doki, kana tafiyar jaki. Yawan matakan wutar VRM da ake bugawa a kwali ba abin dogaro ba ne sosai, kasancewar ƙarfen sanyaya ya fi shi faɗin gaskiya.

Girma uku ne: ATX milimita 305 da 244, microATX 244 da 244, mini-ITX 170 da 170. Na tsakiyan ya fi araha galibi, kuma yana shiga akwatin ATX. Ƙaramin, duk da ƙanƙantarsa, ya fi tsada.

Ƙirga abin da ba a iya ƙarawa daga baya. Ramukan RAM huɗu sun fi biyu, gurbin M.2 biyu sun fi ɗaya. Karanta littafin madabod ɗin, domin a wasu, da zarar ka sa SSD a gurbin M.2 na biyu, wasu ramukan SATA, inda ake jona sauran ma'ajiyar bayanai, kan daina aiki, layi ɗaya suke rabawa. In akwatinka na da USB-C a gaba, tabbatar akwai mahaɗinsa a jikin madabod. Masu araha da yawa ba su da shi. Wi-Fi kuwa ana iya ƙara shi da ɗan kati ko na USB, fitilu masu launi kuma ado ne kawai.

Ramin HDMI na bayan madabod ba ya fitar da hoto da kansa, daga furosesa yake karɓa. Intel masu harafin F a ƙarshe, kamar 12400F, da Ryzen 5 5600 ba su da sashen hoto, dole sai da katin girafik. Ryzen 5 5600G tana da shi.

In na hannu za ka saya, haska cikin soket da tocila. A LGA1700 da AM5 siraran ƙafafun a jikin madabod suke, kuma guda ɗaya da ta lanƙwashe na iya kashe ramin RAM ko ta hana kunnawa ɗungurungum.

Kafin ka ɗaure shi a akwati, gwada shi a kan kwalinsa: furosesa da fankarta, sandunan RAM biyu a rami na 2 da na 4 daga soket, wayar wuta mai ƙafa 24, da mai ƙafa 8 ta furosesa, wadda ke rabuwa 4 da 4, ba ta katin girafik mai rabuwa 6 da 2 ba. Hoto ya fito, shiga BIOS ka kunna XMP ko EXPO, wato saitin gudun RAM, in ba haka ba RAM ɗin zai yi ta aiki ƙasa da gudun da aka rubuta a jikinsa.