Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Ɗaura Gilashin Tare Iska da Daidaita Kafiretocin Babur

Wanda yake tashi da babur daga Zariya zuwa Kano ko Kaduna da sassafe a watan Disamba ba ya bukatar a yi masa bayanin amfanin gilashin tare iska, domin tun kafin ya wuce Kwangila ko Danmagaji sanyin hunturu ya riga ya ratsa rigarsa, ƙura kuma ta cika masa ido. Haka abin yake a watan Agusta, lokacin da ruwa ke dukan ƙirjin mahayi ba ƙaƙƙautawa. Ƙarfin iskar da ke tura mahayi yana ninkawa sau huɗu idan gudu ya ninka sau biyu, saboda haka abin da mutum yake ɗauka da sauƙi a gudun kilomita 50 cikin gari yakan zama wahala ta gaske a gudun kilomita 100 a kan babbar hanya. Masu irin wannan doguwar tafiya su ne kuma suka fi sayen manyan babura na hannu masu kafireta biyu ko huɗu, don haka matsalar gilashi da ta daidaita kafireta sukan haɗu a kan mutum ɗaya.

Kuskuren da ya fi yawa a wajen gilashi shi ne zaton cewa mafi tsawo shi ne mafi kariya. Mai saye yakan zaɓi wanda ya zarce kansa, sai ya kasance yana kallon hanya ta cikin gilashin. Da rana tsaka, gilashi na sabo, ba zai ga aibun hakan ba. Amma gilashin babur ba shi da abin share ruwa irin na mota, kuma da zarar ruwan sama ya sauka a kansa, ko ƙurar hunturu ta lulluɓe shi, ko fitilar tirela ta haske shi da dare a hanyar Funtuwa, mahayin ba zai ƙara ganin rami ko dabbar da ta shigo titi ba sai ya iso kanta. Ƙa'idar da aka fi yarda da ita ita ce bakin gilashin na sama ya tsaya daidai da kan hancin mahayi idan ya zauna yadda ya saba zama, ta yadda zai riƙa kallon hanya ta samansa. Iskar da gilashin ya ture tana tashi ta wuce bakinsa da 'yan santimitoci, saboda haka fuska na samun kariya ko da gilashin bai rufe ta ba. Kafin a biya kuɗi, ya kamata mutum ya hau babur ɗin a fili mai shimfiɗe, wani ya riƙe masa ma'auni daga saman fitila zuwa daidai hancinsa, kuma a yi awon yana zaune a sake, domin bayan tafiyar awa ɗaya babu mahayin da yake zama a miƙe kamar yadda ya zauna a gaban shago.

Na biyu shi ne ɗora wa tsawon gilashi laifin girgizar da ke kaɗa hular kwano. Mutum zai ɗaura gilashi, ya hau hanya, ya ji kansa na rawa, kunnensa na gunji, sai ya yanke hukuncin cewa gilashin ya yi gajere, ya je ya sayo wanda ya fi shi. Sau da yawa iskar da ke damunsa daga ƙasa take fitowa, ta gefen tanki da tsakanin ƙafafun gaba na babur, wato ƙarafa biyun da ke riƙe da tayar gaba, tana cike gurbin da gilashin ya bari a bayansa. Gwajin ba shi da wuya: a hanyar da babu cunkoso, a matsakaicin gudu, a ɗora tafin hannun hagu a gefen tanki na ɗan lokaci, idan girgizar ta ragu to daga ƙasa take. Maganinta shi ne a bar 'yar tazara tsakanin gindin gilashi da fitila domin iska kaɗan ta bi ta bayansa, ko kuma a kwantar da gilashin baya kaɗan har ya yi daidai da karkatar ƙafafun gaba. Masu toshe wannan tazara da roba don gudun sanyi suna ƙara wa kansu girgiza ne ba tare da sun sani ba.

Akwai kuma masu ɗaura babban gilashi a kan ƙaramin babur irin Bajaj Boxer ko Jincheng, su ɗaure shi a jikin kan babur. Duk iskar da ta bugi gilashin daga gefe, ko wadda babbar mota ta turo yayin wucewa, kai tsaye take shiga hannun mahayi ta karkatar da tayar gaba. A kan irin waɗannan babura ƙaramin gilashi da zai tare ƙirji kawai ya wadatar. Bayan an ɗaura, a juya kan babur har ƙarshe dama da hagu, a tabbata gilashin bai taɓa tanki ba, bai kuma matse wayar totur ko ta birki ba.

Abin da muke kira gilashi a nan roba ce mai haske, kuma iri biyu ce: akirilik da folikabonet. Akirilik ya fi sheƙi, ana iya goge ƙananan zane daga jikinsa, amma yana saurin tsagewa. Folikabonet ya fi jure dukan tsakuwa nesa ba kusa ba, sai dai yana saurin zanewa idan rufin da aka yi masa a masana'anta ya tafi, kuma fetur da tina, ruwan da ake sirka fenti da shi, suna cinye shi. A nan ne hunturun Zariya yake yin ɓarnarsa, da taimakon mai babur. Da safe zai fito ya tarar da ƙura ta kwanta a kan gilashin, sai ya ɗauki busasshen tsumman da yake goge tanki, ko ma gefen hannun rigarsa, ya share. Ƙurar nan tana ɗauke da ɓarɓashin yashi mai kaifi, kuma kowace shara tana barin ɗaruruwan siraran zane waɗanda ba a ganinsu sai rana ta faɗo ƙasa da yamma ta haska gilashin, ya koma fari fat kamar hazo. Yadda ya dace shi ne a fara kwarara ruwa har ƙurar ta sauka da kanta, a shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma mai laushi na 'yan mintuna idan akwai matattun ƙwari da suka bushe, sannan a wanke da ruwan sabulu mara ƙarfi, ana shafawa daga sama zuwa ƙasa. A wurin wankin babur kuwa, mai babur ya tsaya da kansa ya hana a kai soson da aka wanke taya da sarƙa kan gilashin, domin yaran wanki ba su cika bambancewa ba.

Tsagewar da ke farawa daga ramin noti kusan kullum daga ɗaurewa fiye da kima take. Roba tana buɗewa da zafin bazara, tana tsukewa da sanyin hunturu, saboda haka ramin ya ɗan fi notin faɗi, a sa wosha ta roba ciki da waje, a ɗaure har ya daina motsi kawai. Idan tsagewa ta riga ta fara, a huda ɗan ƙaramin rami a daidai ƙarshenta, wannan yakan hana ta ci gaba.

A ɓangaren kafireta, kuskuren farko na fahimta ne. Baburan da 'yan acaba suke hawa a Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru silinda ɗaya gare su da kafireta ɗaya, babu abin da za a daidaita da wani, kuma duk wanda ya karɓi kuɗi da sunan wannan aiki a kan irinsu gyaran silo kawai ya yi, wato gudun inji lokacin da yake kunne ba a murza totur ba. Daidaitawa ta shafi babura masu kafireta biyu ko fiye ne, irin su Honda CB400 Super Four da aka fara ƙerawa a 1992, wanda ya ci gaba da amfani da kafireta huɗu har zuwa 2007, ko Yamaha XJ600, ko tsofaffin Suzuki Bandit. Manufar aikin ita ce kowace kafireta ta buɗe daidai da 'yar'uwarta, ta yadda kowace silinda za ta ja iska daidai da sauran. Idan suka saɓa, silinda ɗaya tana aiki tana jan sauran, sai silo ya riƙa hawa da sauka, inji ya riƙa kakkarwa, a ji ƙarar kwaramniya daga wajen kuloci, kuma idan aka saki totur injin ya yi jinkirin komawa silo. Tasirin ya fi bayyana a silo da ƙaramin totur. Babur ɗin da yake shaƙewa a babban gudu matsalarsa tana wani wuri, galibi a jet, wato ɗan ramin da fetur ke bi a cikin kafireta, ko matatar iska ko wuta, kuma daidaitawa ba za ta warkar da shi ba.

Kuskure mafi tsada shi ne fara aiki da daidaitawa, alhali ita ce ya kamata ta zo ƙarshe. Abin da ake aunawa shi ne ƙarfin zuƙar iska na kowace silinda, kuma duk abin da ya taɓa wannan zuƙa yana ɓata awon. Idan tazarar bawul ta tsuke a silinda ɗaya, ko robar da ke haɗa kafireta da inji ta tsage tana shigar da iska, ko ƙaramin jet na silo ya toshe da dattin fetur ɗin bumburutu, makanike zai murɗa sukuru har agogo su yi daidai, amma ya ɓoye cutar ne kawai, kuma ranar da aka gyara bawul ɗin dole a sake aikin daga farko. Tsarin da ya dace shi ne a fara da tazarar bawul inji na sanyi, a duba fulogi, a wanke ko a canja matatar iska, wadda a hunturu take toshewa cikin 'yan makonni, a wanke kafiretocin, a duba robobin haɗi, a tabbata wayar totur tana da ɗan sako-sako. Robobin nan su ne suka fi ba da matsala a baburan da suka haura shekara 20, domin zafi ya busar da su sun yi tauri.

Sai kuma dogaro da kunne. Gogaggen makanike yana iya kusantar daidai da kunne a inji mai silinda biyu, amma a mai huɗu ban yarda akwai kunnen da zai raba su ba. Ana bukatar agogon awon zuƙa, ɗaya ga kowace silinda, a cire murfin ramin awonta a haɗa tiyon agogon a wurin. Su ma agogon, musamman masu araha, ba su cika yin daidai da juna ba, don haka kafin a fara a haɗa su ɗaya bayan ɗaya a silinda guda, a ga ko duk lamba ɗaya suke nunawa. Idan allura tana rawa sosai, a tsuke ɗan makullin da ke jikin tiyo har ta natsu, amma kada a rufe shi gaba ɗaya, domin allurar da ta tsaya cik ba ta auna komai. Wanda ba shi da agogo yana iya lanƙwasa dogon farin tiyo mai haske a jikin katako, ya zuba man inji kaɗan a ciki, ya haɗa bakunansa biyu da silinda biyu, sai man ya hau ta ɓangaren da ya fi zuƙa. Wannan ya fi agogo nuna ƙaramin bambanci, amma idan saɓanin ya yi yawa injin zai zuƙe man cikin daƙiƙoƙi, shi ya sa mai ake zubawa ba ruwa ba, kuma hannu ba ya nisa da makunni.

Lambar da agogo ya nuna ba ita ce abin bi ba. Zariya tana kan tudu, sama da mita 600 daga matakin teku, saboda haka awon yakan ɗan gaza abin da za a gani a Legas a kan inji ɗaya. Abin nema shi ne silindodin su yi daidai da juna, cikin iyakar bambancin da littafin babur ɗin ya yarda da shi.

A lokacin aikin kansa, inji ya yi zafinsa na aiki, ba a ja cok ba, silo a kan lambar da littafi ya faɗa. Tun da sai an ɗaga tanki, a rataye ƙaramin galan na fetur a sama, nesa da salansa, kuma idan makullin fetur na babur ɗin mai aiki da zuƙar iska ne a toshe tiyonsa, in ba haka ba silindar da yake jiki za ta ba da awon ƙarya. A kafa fanka a gaban inji, musamman a watan Maris da Afrilu, domin injin da iska ke sanyaya shi ba ya jure doguwar tsayuwa a kunne. A yi aikin a fili ko a rumfa mai buɗe, saboda hayaƙin salansa yana kisa a rufaffen shago. A yawancin injuna masu silinda huɗu a jere sukuru uku ne: a daidaita ta ɗaya da ta biyu, sannan ta uku da ta huɗu, daga ƙarshe a haɗa ɓangarorin biyu da sukurun tsakiya. Masu gaggawa sukan danna sukundireba da ƙarfi, nauyin hannunsu ya buɗe kafiretar, su ga awo ya yi daidai, da sun ɗaga hannu ya koma yadda yake. A murɗa kaɗan, ƙasa da rubu'in zagaye, a ɗaga hannu, a ɗan murza totur a saki, a jira allura ta zauna, sannan a karanta. Silo zai canja yayin da ake aiki, sai a riƙa mayar da shi wurinsa da babban sukurun silo.

Kada a rikita sukurun daidaitawa, waɗanda suke tsakanin kafiretoci a jikin sandar da ke haɗa su, da ƙananan sukurun cakuɗa iska da fetur da ke jikin kowace kafireta. Wanda ya murɗa na biyun ba tare da ya ƙirga zagayen da ya tarar ba ya ƙara wa kansa wani aikin daban. Bayan an gama, a mayar da murfin kowane ramin awo, a duba ko robarsa ba ta tsage ba, domin murfi ɗaya da ya faɗi a hanya zai shigar da iska, silo ya tashi, silindar ta riƙa zafi fiye da sauran. Yawancin masu ƙera babura suna sa wannan aiki cikin babban sabis, kuma wajibi ne a maimaita shi duk lokacin da aka gyara tazarar bawul ko aka raba kafiretocin da juna.