Yadda ake gano irin sauyin hali (phase transition) a tsarin Abelian-Higgs a kan raga

Abelian-Higgs tsari ne na kimiyyar fiziks da ake kwaikwaya da kwamfuta a kan raga, wato mahaɗu jere da zarurruka a tsakaninsu, don a gano ko sauyinsa daga wani hali zuwa wani na sannu ne ko na tsalle. Sabon hannu yakan fara da auna matsakaicin filin sikala z, wato lambobin da ke kan mahaɗu, ya ga sifili komai ƙarfin haɗin J, sai ya shiga neman kuskure a manhajarsa. Manhajar lafiya take. Tun 1975 Elitzur ya tabbatar cewa simetirin geji, wato rashin canzawar tsarin idan an juya filaye a kowace mahaɗa daban, ba ya karyewa da kansa. Shi ya sa matsakaicin z yake sifili. Wanda ke karyewa shi ne na gama-gari, SU(N), inda ake juya dukan mahaɗu iri ɗaya, don haka shi za ka bi.

Ka gina raga mai girma L×L×L, z mai kashi N da tsawo 1 a kan mahaɗu, filin geji U(1), wato kusurwa mai iyaka, a kan zarurrukan da ke haɗa su. Fara da N=2. Abin aunawa shi ne Q, wato z̄ᵃzᵇ a debe δᵃᵇ/N, domin juyin geji ba ya taɓa shi.

Wajen sabunta filaye, ka riƙa cakuɗa hanyoyi biyu na kwamfuta, Metropolis da oba-rilaksashan. Metropolis kaɗai ɓarnar lokacin kwamfuta ne, don a kusa da sauyin, jinkirinsa yana ƙaruwa kamar L². L na 8, 16, 24 da 32 sun isa farawa.

Nan ne ake yawan faɗuwa. Daga Q ka fitar da ma'aunin Binder U, lambar da ke nuna yadda girman Q ke kaɗawa, da kuma R, wato tsawon dangantaka ξ a raba da L. Kada ka yi gaggawar neman ν, lambar da ke nuna yadda ξ ke girma a kusa da sauyin. Fara zana U a kan R, domin wannan zanen ba ya buƙatar ka san J na sauyin, kuma babu abin da za ka murɗa don layuka su dace. Idan sauyin na sannu ne, layukan L daban-daban za su hau kan juna. A N=2, Q yana da kashi uku kamar kibiyar da ke tsarin maganaɗisu na Heisenberg, sai ka sa ran ajin O(3), wato lambobi irin na wannan tsarin: R kusan 0.564, U kusan 1.139, ν kusan 0.71.

Idan kuwa ƙololuwar U tana ta hawa yayin da L ke girma, sauyin na tsalle ne. Haka ake samu a N=3, saboda Tr Q³ (jimillar lambobin layin tsakiya na Q³), wanda sifili ne a N=2, yanzu ya shigo lissafi. Tarkon shi ne tsalle mai rauni: a ƙananan raga yana kama da na sannu, har ya ba ka ν mai kyan gani. Ka duba ko ν ɗin yana zamewa zuwa 1/3, alamar sauyin tsalle, ko rabon makamashi ya fara yin tozo biyu. In ka ga haka, ƙara L kawai, ko da zai ci makonni.

Sauran aiki mai sauƙi ne: kiyasta kuskure da jaknaif, wato maimaita lissafi ana cire dami ɗaya kowane zagaye, bayan tara bayanai dami-dami, watsar da L mafi ƙanƙanta, sake fitar da ν ka ga ko ya tsaya. Idan ka koma filin geji marar iyaka, yi amfani da sharaɗin gefe na C*, mai juya alamar caji idan an tsallake gefen raga, in ba haka ba madaukan Polyakov, wato filin geji a kan layin da ya zagaye raga, za su yi ta yawo babu tsayawa.