Yadda Ake Mayar da Bayan A-kori-kura Wurin Kwana a Tafiya

Kafin ka sayi komai, ɗauki awo ka hau bayan motar ka auna. Yawancin waɗanda suka fara kwana a a-kori-kura suka daina bayan dare ɗaya, ba rashin kayan zamani ne ya kore su ba, rashin barci ne. Hilux mai ƙofa huɗu, irin wadda ta cika hanyoyinmu, tsawon bayanta bai wuce santimita 150 da ɗoriya ba, faɗinta ma kusan haka. Babban mutum ba ya miƙe ƙafa a ciki sai ya sauke murfin baya, wanda ke ƙara masa wajen santimita 50. Mai ƙofa biyu kuwa tsawon bayanta ya haura mita 2, ita ba ta da wannan matsala. Akwai kuma tudun tayoyi guda biyu a cikin bodin, da ke rage faɗin ƙasa zuwa kimanin santimita 110. Idan ka shimfiɗa katifa kai tsaye a ƙasa, kan waɗannan tudun za ta lanƙwashe, ga ƙarfe yana zuƙe ɗumin jiki da asuba.

Maganin wannan shi ne dakalin katako da zai zauna bisa tudun tayoyin. Kafinta zai yi maka shi a yini ɗaya. Ana buƙatar filawud mai kaurin milimita 18 guda biyu, domin faɗin fale ɗaya santimita 122 ne, ba zai rufe bodin ba, sai katako tu-bai-fo na ƙafafu da na gicciye. Ka ce ya sa gicciye uku: ɗaya jikin kan mota, ɗaya a tsakiya, ɗaya a bakin murfi. Tsayin ƙafafu ya zama santimita 25 zuwa 30. Kada ka yarda ya ɗaga shi fiye da haka don kwaɗayin wurin ajiya a ƙasa, domin duk abin da ka ƙara a ƙasa ka rage shi ne a sama, kuma mutumin da ba ya iya zama ya miƙe wuya a makwancinsa ba ya daɗewa bai gaji da shi ba. A raba saman gida biyu a tsaye, yadda za ka ɗaga ɓangare ɗaya ka ɗauko kaya ba tare da ka sauke katifa gaba ɗaya ba. Mai ƙofa huɗu yana buƙatar ƙarin fale ɗaya da hinji, wanda zai kwanta kan murfin baya da dare, a naɗe shi da safe. A haɗa komai da noti ko sukuru. Ƙusa tana kwancewa a hanyar gargada, kafin ka yi tafiya uku dakalin ya fara kuka. A ƙarshe a ɗaure shi da bel a ƙugiyoyin da ke kusurwoyin bodin, don kada ya zame idan an taka birki da ƙarfi.

Katifar soso mai tauri, kaurin inci 4, ta wadatar. A huda ramuka kaɗan a filawud ɗin, ko a riƙa jingine katifar ta sha iska da hantsi, saboda gumin dare yana taruwa a ƙarƙashinta ya kawo fumfuna.

Rumfa kuwa aikin mai walda ne da mai ɗinkin tamfol. Baka uku na fayif, tsayinsu ya ba ka aƙalla santimita 90 daga saman katifa. A ɗaure su da noti a bakin bodi, kada a yi musu walda a jikin mota, don ka iya cirewa ranar da za ka ɗauki buhuna. Saman ya ɗan yi doro, in ba haka ba ruwan sama zai kwanta a tsakiya ya yi tafki har ya ɓarke ɗinki. Ka sa a buɗe taga a kowane gefe, a ɗinka mata raga da murfi. Mutum biyu a cikin rufaffen tamfol, numfashinsu kaɗai ya isa ya sa raɓa ta riƙa ɗiga musu a fuska kafin kiran assalatu. Gidan sauro mai magani a rataye shi a jikin bakan, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ta ko'ina, har wajen ƙafa inda murfin baya yake buɗe, don ta nan sauro ke shiga.

Akwai abin da ba a wasa da shi ko kaɗan. Kada a shigar da kaskon gawayi, risho, ko tukunyar gas mai ci cikin rumfar, komai tsananin hunturu. Kada kuma a bar inji ko janareta yana aiki kusa da masu barci. Iskar da wuta ke fitarwa a rufaffen wuri ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take ɗauke shi. Sanyin Disamba da Janairu, musamman a tudun Jos ko Mambila, bargo biyu da hula da safa ne maganinsa. Saboda irin wannan iskar mai kisa ne ma ba a barin yaro ya kwanta a baya mota na tafiya, domin iska tana janyo hayaƙin salansa ta tsagar murfi zuwa ciki. Ta wannan tsagar ƙura ke shiga ta lulluɓe kaya. Tsohon tib na taya, a yanka shi a manna a gefunan murfin, yana rage ta sosai.

Sai lissafin nauyi. Irin waɗannan motoci suna ɗaukar tsakanin kilo 800 zuwa 1,000, kuma a cikin wannan adadi har da mutanen da ke zaune a gaba. Ainihin adadin motarka yana cikin littafinta. Mutum huɗu sun cinye wajen kilo 280. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, wato jarka huɗu masu lita 25 kilo 100 ke nan. Dakali, rumfa da batir za su kai kilo 130 ko fiye. Ba yawan kayan ne ke fara kawo matsala ba, inda aka ajiye su ne. Ruwa, batir da akwatin sifana su zauna ƙasa, can gaba jikin kan mota. Idan aka tara su a bakin murfi, gaban motar yana yin sakayau, sitiyari ya daina kamawa, sifirin na baya ya sha wahala a kowane rami.

Ruwa a lissafa lita 10 ga kowane mutum a yini: rabi na sha, rabi na girki, alwala da wanke kwano. A watan Maris da Afrilu a ƙara. Jarka biyu matsakaita sun fi babbar guda ɗaya, don in ɗaya ta fashe ba a rasa duka ba.

Wuta ba ta buƙatar kashe kuɗi da farko. Fitila mai caji da abin cajin waya sun isa kwana biyu. Kuskuren da ake yawan yi shi ne jona fanka da fitila a batirin mota, da safe a murɗa makulli a ji shiru. Mai son fanka ko ƙaramin firji ya sa batir na biyu mai 100Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa), da na'urar da ke raba shi da na mota idan an kashe inji, da fis kusa da kan batirin. Batir mai ruwa ba a shanye fiye da rabinsa, wato 50Ah kake da shi. Fanka tana cin wajen 8Ah a dare, firji kuwa 30 zuwa 40 a yini, ya fi haka in ana zafi. Falen sola mai wat 120 zuwa 150 yana mayar da wannan a rana mai haske.

Zaɓen masauki ya fi duk abin da aka ambata muhimmanci. A halin tsaron da ake ciki, ba a kwana a dajin da ba a sani ba ko a gefen babbar hanya. A nemi wuri mai masu gadi, irin sansanin Wikki da ke Yankari a jihar Bauci, a tambayi ma'aikata ko sun yarda a kwana a mota da kuma inda za a tsaya. A can birai sun ƙware wajen buɗe jaka, don haka abinci ya kwana a gaban mota, gilashi a rufe. In ƙauye ne, a isa kafin la'asar, a gaida mai unguwa, shi zai nuna inda ya dace. Kada a sauka a busasshen rafi da damina ko da sama tas take, domin ruwan da aka yi a nesa yana iya isowa tsakar dare. A juya gaban motar ya kalli hanyar fita, a ja birkin hannu, a bar ta a giya, a sa weji. In ƙasa ba ta daidaita ba, a hau da taya ɗaya kan guntun katako, kan mai barci kuma ya kasance ta wajen tudu. Takalma su kwana a sama, a kakkaɓe su da safe saboda kunama.

A tafi da safaya mai iska, jak da falankin da zai zauna a kai, shebur, igiyar ja, famfon taya da akwatin magani. A yashi mai zurfi ana rage iskar taya zuwa wajen fam 18 ko 20, a tafi a hankali, a mayar da ita da zarar an hau kwalta, in ba haka ba tayar za ta yi zafi ta fashe.

Daren farko a yi shi a tsakar gida ko a gonar da aka sani. A ajiye takarda da biro kusa da matashi, duk abin da aka tashi nema aka rasa a rubuta, duk abin da ba a taɓa ba kuma a sauke shi kafin tafiya mai nisa.