Darasi na 9: Haɗa sabuwar kwamfutar hannu da wifi na jami'a

Wannan darasi na ɗalibi ne, ko ma'aikaci, ko uba da ya saya wa ɗiyarsa kwamfuta za ta shiga Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, can Harobanda. Sau da yawa idan kwamfuta ta ƙi shiga intanet, sai a ce "rezo ne babu". Alhali galibi matsalar tana cikin kwamfutar kanta, kuma mai ita zai iya gyarawa ba tare da ya biya ko dala ba.

Kafin ku zauna, ku tanadi abu uku: sunan rezon daidai yadda aka rubuta shi, sunan shiga, da kalmar sirri. Ofishin da ke kula da kwamfutoci ne ke ba da su, don haka ku tafi da katin ɗalibi. Ku cika batir tun daga gida, saboda kuran na iya ɗaukewa ana tsakiyar aiki.

Idan kwamfutar sabuwa ce fil, Windows 11 zai nemi intanet tun a kunnawar farko. A wannan mataki rezon jami'a yakan ƙi, domin yana son shafin shiga da ba a kai gare shi ba tukuna. Ku kunna «Partage de connexion» a salularku, wato raba intanet ɗin salula da kwamfuta, ku gama saitin farko da shi.

Yanzu ku duba ƙasan allo, hannun dama, kusa da agogo. Ku danna alamar wifi. Idan hoton jirgin sama kuka gani, «Mode Avion» ne a kunne, ku kashe shi. Ku danna ƙaramar kibiyar da ke gefen alamar wifi, jerin sunayen rezo zai fito. Ku zaɓi na jami'a, ku danna «Se connecter». Wani rezon nan take zai tambayi suna da kalmar sirri. Wani kuma zai haɗu shiru, sai kun buɗe Chrome ko Edge sannan shafin shiga ya bayyana.

Inda mutane suka fi faɗuwa shi ne wurin rubuta kalmar sirri, kuma a nan za mu daɗe. Madannai iri biyu ne a kasuwarmu. Na Faransa, layinsa na farko yana farawa da AZERTY. Na Amurka da Ingila, QWERTY. Kwamfutoci da yawa suna zuwa da madannan QWERTY, sai mai shago ya sa musu Windows na Faransanci. To, ka danna A, Q ce za ta shiga. Ka danna W, Z ce. M ma ba wurinta ɗaya ba. Lambobi sun fi ruɗarwa: a tsarin AZERTY, idan kuka danna 2 ba tare da riƙe «Maj» (wato «Shift») ba, harafin é ne zai fito. Alamar @ kuwa, a AZERTY ana riƙe «AltGr» («Alt» na hannun dama) a danna 0, a QWERTY na Amurka ana riƙe «Shift» a danna 2. Da yake kalmar sirri ɗige-ɗige take fitowa, mutum zai rubuta sau goma yana rantsuwa daidai ya sa. Maganin mai sauƙi ne. Ku danna ƙaramin hoton ido da ke gefen akwatin, ku ga abin da kuka rubuta da idonku. Idan haruffan sun saɓa, ku riƙe madannin Windows ku danna dogon madannin tazara, tsarin zai sauya. Kada ku yi ta gwadawa a makance, don wasu rezo suna rufe suna na ɗan lokaci bayan kuskure da yawa.

Matsala ta biyu ita ce agogo. Rezo mai tsaro yana nuna wa kwamfuta takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa. Idan kwamfutarku tana zaton shekarar 2015 ake ciki, za ta ƙi takardar. Ku gyara rana da awa, ku zaɓi yankin lokaci na UTC+01:00, wanda shi ne na Nijar. Idan kullum agogon komawa baya yake bayan an kashe, ƙaramin batir mai kama da kwabo da ke ciki ne ya mutu. Wannan kam aikin mai gyara ne.

Idan kun taɓa sa kalmar da ba daidai ba, kwamfuta na iya riƙe ta. Ku danna sunan rezon da madannin dama na linzamin kwamfuta (souris), ku zaɓi «Oublier», ku sake daga farko.

Wani lokaci za ta ce ta haɗu amma babu intanet. Ku nemi «cmd» a akwatin bincike na Windows, ku buɗe shi, ku rubuta ipconfig, ku danna «Entrée». Idan lambar da ke layin «Adresse IPv4» ta fara da 169.254, rezon bai ba ku lamba ba, watakila mutane sun yi masa yawa. Ku matsa kusa da akwatin wifi, ko ku dawo da sassafe. Katangar siminti tana cin sigina, musamman na wifi nau'in 5 GHz. Na 2,4 GHz ya fi ratsa bango, amma ya fi cunkoso.

Sabuwar kwamfuta da ta samu intanet za ta fara jawo gyare-gyaren Windows, wani lokaci giga da yawa. Ku bar ta ta gama, a jone da kuran, kan tebur, ba kan katifa ba, balle a zafin watan Afrilu. Idan a salula kuka jona, ku kunna «Connexion limitée» a saitin wifi na kwamfutar don kada ta cinye muku kuɗi.

Abu ɗaya muke roƙonku da gaske: kada ku ara wa kowa sunanku na shiga, ko abokin ɗaki ne. Duk abin da aka aikata da shi, sunanku ne a rubuce. Kuma idan kuka ga rezo biyu masu suna kusan iri ɗaya, ɗaya babu alamar kwaɗo, ku tambayi ofishin wanne ne nasu kafin ku rubuta komai a ciki.